Wasiƙar Ardella

Ranar Litinin ɗin da ta biyo bayan jana'izar Goggo Zenobia, tun ba a buɗe kotun gunduma ba Verlene Tharpe ta riga ta ajiye motarta a gindin itacen da ke bakin ƙofa. Shekara ashirin da shida ta yi tana tuƙa motar 'yan makaranta ba ta taɓa makara ba, kuma ritaya ba ta sauya mata hali ba. A jakarta akwai wasiyyar goggon tata, da takardar shaidar rasuwa, da tabarau har biyu don kada ɗaya ya ɓuya mata. Yayanta Lucius na zaune a gefenta yana ɓare dafaffiyar gyaɗa yana tara ɓawon a cikin hularsa, yana mitar an tashe shi da sassafe kamar bunsurun da za a kai kasuwa.

Goggo Zenobia ƙanwar mahaifinsu ce. Ita ta riƙe su tun suna ƙanana bayan iyayensu sun rasu, ba ta taɓa aure ba, ta kuma rayu shekara casa'in da uku a gidan katakon da aka haife ta a ciki, a kudancin jihar Jojiya ta ƙasar Amurka. A wasiyyarta ta bar musu gidan da gonar eka sittin, ta kuma ce Verlene ce za ta tsaya a kan rabon gadon. Wannan amana ta faranta wa Verlene rai fiye da gonar kanta. Shi ya sa ta sa rigar da take zuwa coci da ita, har da ɗan kunne, Lucius kuwa ya tambaye ta ko alƙalin gwauro ne.

"Kai dai ci gyaɗarka, tsoho," in ji ta. "Ka ga ranar da mace za ta fitar da kai kunya."

Magatakardar sashen gado, Madam Pettway, ba baƙuwa ba ce. Verlene ta yi jigilar 'ya'yanta uku daga firamare har suka gama sakandare. Magatakardar ta yi musu ta'aziyya, ta karɓi takardun, ta miƙo fom ta nuna inda za a cike, ta ce aikin rabin sa'a ne. Verlene na cikin rubuta sunanta da manyan baƙaƙe sai ta lura magatakardar ta daina danna kwamfuta, ta sauke tabarau kan hanci tana sake duba allon.

Ashe gonar ba da sunan Goggo Zenobia take ba. A rajistar filaye har yanzu sunan kakansu ne a kai, Elbert Tharpe, wanda ya rasu tun shekarar 1951. Madam Pettway ta yi musu bayani a hankali: mutum ba ya bayar da abin da doka ba ta san nasa ba ne. Kafin a taɓa gadon Zenobia sai an gano yadda aka yi da gadon Elbert, wa ya gada, wa aka ba me. Takardun wancan zamani kuwa ba su shiga kwamfuta ba, suna ɗakin ajiya a ƙarƙashin ginin.

Lucius ya ce shi gwiwarsa ba ta son matakala. Verlene kuwa ta riga ta rataya jaka. Ba ta taɓa ganin kakan nan nasu ba, hotonsa ɗaya ne tak a gidan, yana tsaye kusa da alfadari, fuskarsa a ɗaure. Yau ga shi an ce akwai takardunsa a ƙarƙashin ƙafarta. Ta bi bayan magatakardar da ɗoki irin na yarinyar da aka ce ta je ta buɗe akwatin uwarta. Dole Lucius ya biyo su yana dafa bango.

Ɗakin ajiyar na da sanyi da warin tsohuwar takarda. Akwatunan ƙarfe ne jere har rufi, ga manyan kundaye masu jan bango waɗanda sai da hannu biyu ake ɗaga su. Madam Pettway ta nuna musu kundin sunaye na shekarun hamsin, ta ce a nan za su ga lambar fayil, ta koma sama wajen masu jiranta. Suka bi layin sunaye da yatsa, daga sama har ƙasa, babu Tharpe. Suka koma shekarar da ta gabata da wadda ta biyo baya, babu. Sa'a biyu suka yi. Lucius ya samu kujera ya zauna, ya ce mai yiwuwa tsohon bai bar komai ba sai alfadarin. Verlene ba ta kula shi ba. Ta tuna yadda tsofaffin Turawan garin ke kiran sunan gidansu in sun zo sayen kankana, suna lanƙwasa shi yadda suka ga dama. Ta juya shafi biyu gaba. Ga shi nan, da rubutun wani magatakarda da ya daɗe da zama ƙasa: Thorp, Elbert.

Ta buga kundin da tafin hannu har ƙura ta tashi, Lucius ya yi atishawa.

Fayil ɗin ɗan siriri ne, an naɗe shi uku an ɗaure da jan zare. Da Madam Pettway ta sauko ta kwance shi, sai ga wasiyya shafi biyu da aka buga da tafireta, a ƙasa kuma sa hannun Elbert, baƙaƙen suna rawa kamar na mai koyon rubutu. Verlene ta sa tabarau ta fara karantawa da murya irin ta mai karatu a coci. Ta wuce addu'ar buɗewa, ta wuce zancen alfadari da garma, ta zo inda ya ce ya bar gonarsa ga 'ya'yansa huɗu. A nan ta tsaya.

Lucius ya ɗaga yatsu yana ƙirgawa. Babansu Hosea, ɗaya. Baffa Wendell da ya tafi yaƙin Koriya bai dawo ba, bai kuma bar ɗa ba, biyu. Goggo Zenobia, uku. Ya dubi yatsan da ya rage kamar shi zai ba shi amsa.

Verlene ta ci gaba, yanzu muryarta ta yi ƙasa. "Ga babbar ɗiyata Ardella, duk inda take, na bar eka goma sha biyar na bakin rafi. Kada kowa ya sayar, kada kowa ya ce ta rasa rabonta, har sai ta zo ko 'ya'yanta sun zo."

Ba wanda ya taɓa ambata musu wannan suna. Shekara hamsin da takwas Verlene ta yi a duniya, rabinsu a kicin ɗin Goggo Zenobia tana yanka mata kuɓewa tana sauraron tarihin kowa a garin, amma ko da wasa ba ta taɓa jin Ardella ba. Tana juya takardun sai wani ambulan ya zamo ya faɗi kan tebur. Ya yi ja saboda tsufa, kuma a manne yake, ba a taɓa buɗe shi ba. Kotu ce ta aika wa Ardella Tharpe a wani titi a birnin Milwaukee, can arewacin ƙasar, gidan waya ya buga masa hatimi cewa mai sunan ta tashi daga nan, ya dawo da shi. Madam Pettway ta ce to ga dalilin da ya sa ba a taɓa rufe gadon ba: ba a samu magajiya ɗaya ba, sai aka naɗe fayil ɗin aka manta. Verlene ta kai hannu za ta yage bakin ambulan, magatakardar ta riƙe mata wuyan hannu tana dariya, ta ce wannan ba nata ba ne, ba kuma na kowa ba ne sai mai sunan ko magajinta, kuma sai alƙali ya yarda. Ta buga musu kwafin komai, ta ce doka ta ce sai an nemi zuriyar Ardella an sanar da su.

A mota Lucius ya sauya fuska. Shi ne ke noma gonar tun yana saurayi, gyaɗa da masara da ɗan dankali, kuma ya ga abin da ya faru da maƙwabta. Wani ɗan'uwa daga arewa da bai taɓa taka ƙasar ba sai ya sayar wa kamfanin katako rabonsa, kamfani ya kai kotu, a wayi gari an yi gwanjon gonar kakanni gaba ɗaya. Ya ce a bar kaza cikin gashinta. A buga sanarwa a jaridar gari kamar yadda doka ta ce, a jira kwanakin su cika, in ba wanda ya zo shi ke nan.

"Yaya, jaridar garinmu wa ke karanta ta a Milwaukee? Ko a nan ma kifi ake naɗewa da ita."

"Shi ya sa na ce a buga a cikinta."

Verlene ta yi dariya har ta kusa hawa gefen titi, amma ta gaya masa gaskiya: tsohon ya ce kada kowa ya ce Ardella ta rasa rabonta, ita kuwa ba za ta zama wannan kowan ba. Ban da haka ma, tana da goggo guda da aka ɓoye mata, kuma ko sama da ƙasa za su haɗu sai ta san dalili.

Dalilin ta same shi washegari a wajen Dikon Purvis, dattijon cocinsu mai shekara casa'in da shida, wanda ke manta abin da ya ci da safe amma bai manta komai na shekarun arba'in ba. Ta kai masa gurasar masara da zafinta. Da ta ambaci sunan sai ya lumshe ido ya yi murmushi. Ya ce Ardella ce ta fi kowace yarinya murya a gundumar. Ta kamu da son wani mai kaɗa jita a gidajen rawa, Elbert kuwa dattijon coci ne mai taurin kai. Ranar da ta ce za ta aure shi, uban ya tsaya a baranda ya ce in ta sauka daga matakalar nan kada ta sake hawowa. Ta sauka. Suka hau jirgin ƙasa suka yi arewa a shekarar 1946. Sunan mutumin Beasley, in ji dattijon, ko Beasley ko Bensley, amma jitarsa ja ce, wannan kam ya tabbata.

Daga nan Verlene ta mayar da teburin kicin ofis. Ta samo jerin cocin Baftis na Milwaukee daga ɗakin karatu na gari, ta ce mace mai irin wannan murya ba za ta zauna ba ta shiga ƙungiyar mawaƙa ba. Kullum da hantsi sai ta zuba shayi mai ƙanƙara ta fara bugawa. Wasu ba sa ɗauka, wasu su ce ba su sani ba, wata ma ta ɗauka tallar inshora ce ta kashe. Lucius kan leƙo daga gona ya tambaya ko an gano gimbiyar, ta jefe shi da tsumma. A rana ta tara, da wata sakatariyar coci ta ji sunan sai ta ce ai hoton Mama Ardella Beasley na rataye a ɗakin mawaƙansu. Ta rasu a 1998. Amma 'yarta Corinne na nan, kowace Lahadi tana layi na uku, kuma ba ta barin kowa ya zauna mata a wuri.

Verlene ta ajiye waya ta fita baranda ba takalmi tana ƙwala wa Lucius kira, har ya kashe tarakta ya taho da sauri yana zaton gobara ce.

Corinne da kanta ta bugo da yamma. Muryarta a bushe take. Ta ce ita shekararta saba'in da biyar, ma'aikaciyar jinya ce mai ritaya, kuma ta san duk dabarun masu cewa an bar wa mutum gado, don haka a yi magana a taƙaice. Verlene ba ta yi gardama ba. Ta ɗauko kwafin wasiyyar ta karanta mata layin bakin rafi.

"Sake karantawa," in ji Corinne.

Ta sake. Sai matar ta ce mahaifiyarta ta mutu tana ganin ubanta ya shafe ta daga zuciyarsa. Sau ɗaya ta rubuta gida, da aka haifi Corinne, ba a ba ta amsa ba, daga baya suka tashi daga wannan unguwa. Ba ta sake ambaton Jojiya ba sai in tana dafa wake, ta ce na can ya fi daɗi. Suka yi sa'a biyu a waya. Kafin su rabu Corinne ta daina cewa Madam Tharpe, ta koma cewa ƙanwata.

Mako uku bayan haka aka sa ranar zama. Verlene ta share gidan Goggo har ƙarƙashin gado, ta soya kaza, ta tafi filin jirgi tun da sauran sa'a biyu. Ba ta buƙaci kwalin da ta rubuta suna a kai ba. Wata gajeriyar mata ta fito tana jan akwati, tana tafiya kai a sama, da ta yi murmushi sai ga wushirya irin ta Goggo Zenobia sak. Verlene ta saki kwalin ta rungume ta, suka tsaya a tsakiyar hanya mutane na kewaye su.

Lucius ya tarbe ta da ladabi amma a ɗarare. Ana cikin cin abinci ya ajiye cokali ya tambaye ta kai tsaye ko sayarwa ta zo yi. Verlene ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Corinne ta gama tauna lomarta, ta goge baki, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ƙanena, na girme ka da shekara goma sha biyu. Ka bari in ga abin da idona tukuna, sannan ka tsare ni da tambaya. Miƙo min kuɓewar nan."

Ya miƙa mata, yana ƙunshe dariya.

Zaman kotun bai ɗauki lokaci ba. Alƙaliyar, wata doguwar mata mai furfura, ta duba takardar haihuwar Corinne da ta rasuwar Ardella, ta tambayi ko akwai wasu 'ya'yan, aka ce ita kaɗai ce. Ta tabbatar da ita a matsayin magajiya, ta tabbatar da Verlene a kan gadon Zenobia, ta ce lauya zai shirya sabbin takardun fili da sunan kowa. Sannan ta ce akwai saƙon da kotun nan ta riƙe shekara saba'in da biyu, lokaci ya yi da za ta sauke nauyin. Madam Pettway ta kawo ambulan a kan faranti kamar abin sha, ta miƙa wa Corinne tare da 'yar wuƙar buɗe wasiƙa.

Takardar kotu ce a ciki, mai sanar da rasuwa da ranar zama. Amma da Corinne ta warware ta sai wata 'yar takarda ta faɗo, wadda aka yago daga littafin makaranta. Verlene ta gane rubutun tun daga nesa, don shi ne a jikin kowace kwalbar zuma da ke gidansu. Goggo Zenobia ce, tana 'yar shekara ashirin da ɗaya, da alama ta roƙi magatakardan wancan lokaci ya saka mata a ciki. Corinne ta kasa karantawa, ta miƙa wa Verlene.

"Yaya Della, Baba ya rasu ranar Laraba. Sunanki ya yi ta kira. Wasiƙarki tana cikin Littafinsa Mai Tsarki, kunya ce ta hana shi amsawa. Ki dawo, na gyara miki gadonki. In ba ki zo ba zan san kin yafe mu ne gaba ɗaya, ba zan sake damunki ba."

Sai a lokacin Verlene ta fahimci shirun goggonta. Goggo Zenobia ba ta taɓa sanin wasiƙar ta dawo kotu ba. Ta ɗauka yayarta ta karanta ta ƙi zuwa, ita kuma ta cika alkawarinta har kabari. Alƙaliyar ta cire tabarau tana goge shi fiye da yadda yake buƙata. Lucius ya fyace hanci da ƙarfi, ya ce ƙurar ginin nan ce ke damunsa tun ran nan. Corinne ta yi kuka, ta yi dariya, ta ce da 'yan matan nan biyu suna nan da ta haɗa kawunansu ta gwara.

Daga kotu kai tsaye suka wuce gona, don Corinne ta ce ba za ta ci komai ba sai ta ga rafin. Lucius ya sa su a bayan tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya, ya bi hanyar da ta ratsa gyaɗa yana tafiya a hankali saboda baƙuwa, Verlene na yi masa tsiyar tuƙi. Eka goma sha biyar ɗin na gangare ne, rabi masara, rabi manyan itatuwa da ba a taɓa sara ba. Corinne ta sauka da takalminta na birni, ta nutse a laka har idon sawu, ba ta ko duba ba. Ta tsaya ta daɗe tana kallon ruwan. Da ta juyo sai ta ce wa Lucius ya kwantar da hankalinsa, ba mai sayar da ko taki ɗaya, kuma za ta sa lauya ya rubuta haka don jikokinta ma su sani. Ya ci gaba da nomansa. Sharaɗinta ɗaya ne, ya ware mata kunya goma ya shuka mata wake.

Lucius ya ce wake ba ya yi a nan, ruwa na kwanciya. Corinne ta ce uwarta ta ce yana yi. Ya ce shekara arba'in yana noma wurin nan. Ta ce to shekara arba'in yana kuskure. Verlene ta bar su suna yi, ta koma mota ta zauna a kan murfin baya tana kaɗa ƙafa, ta ciro waya ta buga wa 'yarta da ke birnin Savannah. Ta ce mata ta nemi hutu a watan Yuli, ta kuma zo da katifu, don 'ya'ya da jikokin Corinne, mutum goma sha ɗaya ne za su taho daga Milwaukee, kuma har yanzu ba ta san inda za ta kwantar da su ba.